Malamin Aji da Kiran Suna: Ko Za a Iya Bar wa Monita Rajista?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ban daɗe da kama aikin koyarwa ba, a wata ƙaramar sakandaren maza ta gwamnati a nan cikin birnin Kano. Wannan zangon aka ba ni riƙon aji, JSS 1, yara 87. Kiran suna yana cinye min lokaci, kafin in gama mai darasin farko ya zo ya tsaya min a bakin ƙofa. Waɗanda na tarar sun ce in bar wa monita rajistar kawai, ranar Juma'a in haɗa lissafi in sa hannu, wai kowa haka yake yi. Ga kuma sanarwar da ake yi a asambili, yaran ba sa jin ta, sai su kai wa iyaye wani abu daban. Akwai laifi in na bi shawararsu? Mene ne ma ainihin aikin malamin aji?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya sa ka fara a sa'a, Ya ba ka haƙurin zama da yaran nan.

Kada ka bar wa monita. Ya ɗauko maka rajistar daga ofis, ya mayar, ya goge allo, ya raba masu shara, duk aikinsa ne. Amma biron da ke cewa wane ya zo, wane bai zo ba, a hannunka zai zauna. Ba a littafi na karanta wannan ba, a kaina na gani, kuma har yau in na tuna sai in ji nauyi a ƙirjina.

A shekarun farko na aikina an ba ni aji, yaran ma ba su kai naka yawa ba. Ina da monita natsattse mai kyan rubutu, sai na sakar masa rajista kamar yadda na ga na gaba da ni suna yi. Shi yana kiran suna, ni ina ɗakin malamai ina duba littattafai. Wata Talata, an dawo daga tara ke nan, maigadi ya ce wani dattijo yana sallama da ni. Na fito na tarar da shi a gindin darbejiya riƙe da kekensa, ga ƙunshin magani ɗaure a baya. Muka gaisa. Ya ce, "Malam, da ma zuwa na yi in shaida muku ɗanku ya samu sauƙi, jiya aka sallamo mu." Na ce wane ɗan? Ya faɗi suna. Ashe mota ce ta buge yaron a hanyar komawa gida, ya karye a cinya, kusan mako uku yana kwance a asibiti. Na aika aka ɗauko rajista, na buɗe a gabansa don in duba ranar da ya fara fashi. Babu fashi ko ɗaya. Layinsa cike yake fal, safe da rana, har da safiyar ranar da muke tsaye. Abokan bencinsa ne suke amsa masa. Unguwarsu ba ɗaya ba, sun ɗauka gudun makaranta yake, suna rufa masa asiri kada ya sha bulala in ya dawo. Monita kuma kansa na kan takarda, murya kawai yake ji. Dattijon ya kalli shafin, ya kalle ni. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Ai da ma na ce wa mahaifiyarsa ƙila ba ku ji ba ne." Ya tura kekensa ya fita. Mako uku yaro ba ya aji, ni da aka damƙa wa amanarsa ban sani ba.

Don irin wannan aka ƙirƙiri aikin tun asali. Yaron da ke gabanka watannin baya yana firamare, inda galibi malami ɗaya ke wuni da su, ya san wanda bai karya ba, ya san wanda aka yi wa ƙani. Ya shigo sakandare ya tarar da malamai goma ko fiye suna shiga suna fita, kowa minti talatin da biyar ko arba'in, kowa da azuzuwa huɗu ko biyar a wuyansa. Mai koyar da lissafi yana ganin yara ɗari uku ko huɗu a mako. Ba zai lura da gurbi ɗaya a benci ba, kuma ba laifinsa ba ne. Dole a samu mutum ɗaya da za a ce ajin nan nasa ne. Mu fom-masta muke cewa, sunan da muka gada daga tsarin Ingila tun ana Fom 1 zuwa Fom 5, kafin tsarin 6-3-3-4 ya zo a 1982 ya kawo JSS da SSS. A Amurka ɗalibai ne ke tashi daga ɗaki zuwa ɗaki su je wurin malamai, shi ya sa aka ware ɗaki guda da kowane rukuni zai hallara kullum don kiran suna da sanarwa, suna kiransa da sunan da ke nufin ɗakin gida. A Japan malamin aji yakan gana da yaransa da safe, ya sake ganawa da su kafin a tashi, kuma su ke share ajinsu da hannunsu. Mu a nan ba sai mun ware ɗaki ba, yaranmu a aji ɗaya suke wuni, malamai ne ke yawo. Ɗakin muna da shi. Mai ɗakin ne muke yawan rasawa.

Ban raina kukanka game da yawa ba. Manufar ilimi ta ƙasa cewa ta yi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, 40 a babbar sakandare. Kai aji biyu da ɗoriya aka haɗa maka a ɗaki ɗaya. Abin ya daɗe yana taruwa. Tun shirin ilimin firamare ga kowa, UPE, na 1976 ɗalibai suke rinjayar gine-gine, dokar ilimin bai-ɗaya, UBE, ta 2004 ta sa shekara tara na farko suka zama kyauta kuma dole, Kano ta yi nata shelar ilimi kyauta kuma dole a 2019, har aka kai ga ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a jihar a 2024. Yaran sun zo, kuma alheri ne da suka zo, azuzuwa da benci ne ba su biyo su ba. To amma yawan nan shi ne babban dalilin riƙe rajista da kyau. A aji mai yara talatin ido kaɗai ya isa ya gaya maka wane ne babu. A aji mai 87 yaro zai iya ɓacewa wata guda cur, 'yan'uwansa su baje a wurin da ya bari, ba wanda zai ga giɓi.

Bari mu yi lissafin lokacin da kake kuka da shi. In kowane suna ya ci sakan biyar, 87 sau biyar 435 ke nan, minti bakwai da 'yan kai. In ka ga kana cin minti ashirin, ba sunayen ne ke cinye shi ba. Hayaniya ce, da rububin wurin zama, da mutum huɗu su amsa suna ɗaya.

Fara da wurin zama. Kowane yaro ya san bencinsa, ko gurbinsa a tabarma in wasu a ƙasa suke, kuma kada ya sauya sai da izininka. Gajeru da masu ƙanƙance ido in suna kallon allo su dawo gaba. Ka zana taswirar ajin a takarda ka liƙa a cikin bangon littafinka. Mako biyu ko uku na farko ka daure ka kira suna ɗaya bayan ɗaya, yaro ya miƙe ya ɗaga hannu, kai kuma ka ɗago kai ka dube shi kafin ka ja karan da ke nuna ya zo. Wannan ɗago kan shi ne aikin gaba ɗaya. "Firazan sa" kowa zai iya faɗa wa kowa, fuska ce ba a aronta. A cikin sakan biyar ɗin nan za ka ga mai jan ido, da wanda kunnensa ke ruwa, da wanda leɓensa ya bushe don bai sa komai a ciki ba, da wanda ya zo da shatin bulala a wuya, da wanda jiya yake dariya yau ya sunkuyar da kai. Ba wani malami a makarantar da zai sake duban yaron nan shi kaɗai har a tashi. Da ka san su sauri zai zo da kansa, har ka riƙa duban layi kana jan kara kafin bakinka ya gama furta sunan. In ka gama ka ƙirga kawuna layi-layi. In kara 79 ka ja, kawuna kuma 76 ne, an amsa wa mutum uku. Ka kama su sau biyu sau uku, ba da duka ba, da nuna musu ka gane, za su daina.

Sai rikicin suna, wanda duk mai koyarwa a Kano ya san shi. A aji ɗaya za ka samu Muhammad goma sha wani abu, Abubakar Sani biyu, Usman Ibrahim biyu. Ka riƙa kiran suna uku, na yaro da na uba da na kaka ko unguwa. Sannan yara da yawa ba su saba jin sunansu na yanka ba, don sunan kaka aka mayar, ana alkunya, a gida Abba ne ko Baffa ko Khalifa. In ka je unguwa kana neman yaro da sunan rajista, sai a ce maka ba a san shi ba, alhali a ƙofar gidansu kake tsaye. Saboda haka ka samu littafi naka na kanka, daban da rajistar gwamnati: sunan yanka, laƙabi, unguwa da kwatance, lambar waya biyu, da wanda yake riƙon yaron, uba ne ko kaka ko kawu. Kuma tun yanzu ka aika takarda gida, uba ya rubuto sunan ɗansa da ranar haihuwa daidai da takardar haihuwa. Yadda aka rubuta suna a rajistar JSS 1 shi ke bin yaro zuwa jarrabawar kammala JSS 3, wato BECE, daga nan WAEC da NECO, ga shi tun 2021 JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Muhammad a nan, Mohammed a can, Muh'd a wata takardar, bayan shekara shida uba yana yawon kotu neman takardar rantsuwa, a kan kuskuren da minti ɗaya zai gyara shi yau.

Cike rajistar kanta ba wuya. A irin wadda muka saba da ita kowace rana kira biyu gare ta, karan safe da karan rana, su haɗu su ba da siffar V, wanda bai zo ba a sa masa sifili. Da biro ake yi, ba fensir ba. Kada ka bar gurbi fanko da niyyar cikewa anjima, wannan anjiman ita ce uwar rajistar ƙarya. In ka yi kuskure kada ka kankare, ja layi ka gyara ka sa hannu a gefe. Ranar Juma'a ka haɗa: yara 87, kira goma a mako, 870 ke nan in kowa ya zo. In ka samu 740, ajinka ya yi kashi 85 cikin 100. Zango mai mako 13 kira 130 ne in ba a cire ranakun hutu ba, kuma daga nan ake ɗauko adadin zuwa da fashi da kake rubutawa a takardar sakamako. Sufeto in ya shigo, rajista na cikin abin da yake fara buɗewa, wannan kowa ya sani. Abin da sababbin malamai ba sa kawowa a rai shi ne takarda ce ta shaida. Ranar da yaro ya fita bai koma gida ba, ko aka kama shi a wani rikici a wata unguwa, tambayar farko ita ce: ya zo makaranta ranar? Amsar tana ƙarƙashin sa hannunka. Ba za ka ce wa hukuma ko uwar da ke kuka ai monita ne ya cike ba. Har rabon abin alheri da ita yake tafiya. Ciyarwar da aka yi wa 'yan firamare da adadin yara ake lissafa ta, tallafin da shirin AGILE na Bankin Duniya ke ba 'yan mata, wanda Kano na cikin jihohin farko da suka shiga, da sharaɗin zuwa makaranta aka ɗaura shi. Rajistar ƙarya tana ba wanda bai zo ba, rajistar sakaci kuma tana hana wanda ya zo.

Kiran rana kuwa, shi ne wanda aka fi wulaƙantawa, kuma a makarantar maza shi ya fi na safe fallasa gaskiya. Malamai da yawa tun da safe suke jan kara biyun gaba ɗaya su huta. Yara sun sani. Su amsa suna, su jira a buga ƙararrawar tara, su bi ta inda katanga ta rushe. Daga nan wani gidan gem, wani kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Beirut wurin yayansa, wani Kwari ko Singa ɗaukar kaya don ya samu na kashewa, wani kuma kududdufi wanka, kuma ka san duk damina sai kududdufan garin nan sun ci yara. Uwa tana gida ta saki jiki ɗanta yana hannun malamai. Ka zaɓi lokaci bayan tara, ko minti biyar ne, ka leƙa da taswirarka. Ba sai ka kira kowa ba, gurbin da ya zama wayam kawai za ka duba.

Yanzu ga abin da ya bambanta mai cike rajista da malamin aji. Mai cikewa daga sama zuwa ƙasa yake bin ta, ya rufe. Malamin aji yakan zauna ranar Juma'a ya bi layin kowane yaro daga hagu zuwa dama, don sifilan nan magana suke yi. Na taɓa samun yaro da kullum sai ya makara Litinin, Talata da Laraba, amma Alhamis da Juma'a shi ke riga kowa zuwa. An yi ta dukansa a bakin get ana ce masa malalaci. Da na dubi ranakun sai na gane: Alhamis da Juma'a ne hutun makarantar allo. Ashe karatun safe yake tsayawa, ba a sallamarsu da wuri. Na je da kaina bayan la'asar na gaida alaramma, na durƙusa na yi masa bayani. Bai ja ba ko kaɗan, ya ce a riƙa biya wa yaron da farko ya tafi. Magana ta ƙare a zama ɗaya, abin da bulalar zango guda ta kasa. Wani kuma sifilinsa sai ƙarshen wata yake taruwa, ka bincika ka tarar daga Kurna ko Rijiyar Lemo ko Dorayi yake zuwa, kuɗin adaidaita ne ya yanke. Wani duk Juma'a, an tsayar da shi jiran shago. Akwai na lokaci, wanda ajin gaba ɗaya ke yi: makara a hunturu in sanyi da hazo suka sauka, zazzaɓin cizon sauro daga tsakiyar damina zuwa ƙarshenta, makon da aka dawo daga hutun Sallah, ranar Takutaha. Wannan ba abin tashin hankali ba ne. Amma in ka ga yara biyar shida 'yan layi ɗaya ko unguwa ɗaya sun kwanta a tare, musamman da bazara lokacin ƙyanda da sanƙarau, ka sanar da shugaban makaranta ranar, kada ka jira Juma'a. Abokan aikinmu mata a makarantun 'yan mata suna da nasu karatun: yarinyar da ke ɓacewa kwana uku huɗu duk wata, galibi rashin banɗaki mai kyau da ruwa ne, wadda ke makara kullum talla ce ko aikin gida, wadda kuma fashinta ya fara ƙaruwa sannu a hankali, sau da yawa maganar aure ce ta taso, kuma lokacin da zama da iyaye zai yi amfani shi ne tun sifilan ba su haɗe ba.

Kada ka raina fashin kwana ɗaya a mako. A zango kwana 13 ne, a shekara 39, kusan mako takwas na karatu. Yaron bai taɓa yin dogon fashin da zai ja hankalin kowa ba, amma wata biyu ya rasa. Irinsu ne ake wayar gari a JSS 3 a ce ba sa gane komai.

Ƙa'idar da nake bi, kuma nake ba duk wanda ya riƙe aji a ƙarƙashina: sifili uku a jere, a nemi gida. Da farko ka tambayi ɗan unguwarsu a aji, sannan ka buga waya. Yadda ka buɗe baki shi ne komai. In ka ce "ɗanka ba ya zuwa makaranta," ka kai ƙara ke nan, uba zai hau kare kansa ko ya huce a jikin yaro. Ka yi sallama, ka gaisa, ka ce, "Alhaji, malamin ajin wane ne, kwana uku ba mu gan shi ba, na ce ko lafiya." Sau tari shiru za ka ji na ɗan lokaci, don ba a taɓa kiransa daga makaranta don a tambayi lafiyar ɗansa ba. In waya ta ƙi, ka taka. In abin ya fi ƙarfinka, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ga bayis, wato mataimakin shugaban makaranta, ga malamin ba da shawara in kuna da shi, ga kwamitin kula da makaranta na SBMC da ke da mutanen unguwa a ciki, ga mai unguwa da liman, waɗanda maganarsu ta fi taka shiga a wasu gidajen.

Game da makara, ra'ayina zan faɗa maka, na san ba kowa ne zai yarda ba. Ban ga amfanin tsayuwar bulala a bakin get ba. Yaro ya makara da minti goma, ya hango 'yan'uwansa a durƙushe a layi, sai ya juya. Makarar minti goma ta zama fashin wuni guda, kuma wunin a titi zai yi shi. Ka tuna abin da ya sa yaran can suka yi ta amsa wa abokinsu: tsoron bulala. Duk inda fashi ya zama duka kai tsaye ba tambaya, rajista ƙarya za ta cika. Ka bar shi ya shigo ya zauna, ka sa masa ɗigo a littafinka, ya biya da shara bayan an tashi. In ɗigo ya kai uku a mako, ka tambaye shi dalili kai da shi, ba a gaban aji ba.

Sanarwa kuma, ba laifin yaran ba ne. Ka tsaya a layin baya wata rana ka saurara. Yara dubu da wani abu a fili, lasifika ko babu ko ba wuta, iska na kwashe murya, ana magana da Turanci, ɗan JSS 1 kuma jiya-jiya ya baro firamare. Bayis ya ce ranar Alhamis za a tashi bayan tara saboda taron malamai, kafin maganar ta kai Gwammaja ta zama "Alhamis ba makaranta." Ko lokacin da aka dawo da tsohon taken ƙasa a watan Mayun 2024, na lura a asambili baki kawai yara suke motsawa, sai da aka rubuta musu shi a allo aji-aji sannan ya zauna. Asambili shela ce kawai, a aji ake isar da saƙo. Ka riƙa rubuta abin da aka faɗa a 'yar takarda kana tsaye a bayan layin yaranka. In an shiga, bayan kiran suna, ka maimaita da Hausa. Ka ware kusurwa ɗaya a allo wadda ba a gogewa, ka rubuta sanarwar da kwanan wata, su kwafa a bayan littafi guda da kuka amince a kai. Sannan ka ɗaga wani daga benci na ƙarshe ya faɗa da bakinsa abin da zai gaya wa mahaifiyarsa. A nan za ka ji inda maganar ta karkace. Kada ta wuce abu biyu ko uku a rana, in ta yi yawa ta farkon kawai ke isa gida.

Duk sanarwar da ta shafi kuɗi kada ta fita da baki. A rubuce, da adadi, da dalili, da sa hannu. Ka gaya wa iyaye tun taron farko cewa duk kuɗin da yaro ya nema da sunan makaranta ba takarda, ba daga gare ku ba ne. Wannan zai kare aljihunsu, ya kare mutuncinka. Zauren WhatsApp na iyaye yana taimakawa, amma kada ka dogara da shi kaɗai, don gidajen da suka fi buƙatar saƙon su ne ba su da babbar waya.

Akwai kuma abin da ba a sanarwa. Wanda bai kawo kuɗin wani abu ba, wanda yunifom ɗinsa ya yage don babu na sauyi, wanda ya zo na ƙarshe, wanda iyayensa suka rabu, ba a karanta waɗannan a gaban mutum tamanin. Yaro yakan manta darasin da ka koya masa, amma ranar da aka yi masa dariya a aji yana riƙe da ita har ya yi furfura, wani daga ranar yake fara tsallake katanga. Rasuwa kuwa ana faɗa, a yi addu'a tare, ka ɗebi mutum huɗu biyar ku je ta'aziyya bayan an tashi. In an kwantar da wani, ku je dubiya. Ajin da ya taɓa zuwa gidan ɗaya daga cikinsu tare, zamansa ba ya komawa yadda yake a da.

Shi kuma mai darasin farko da ke tsaya maka a ƙofa, yana da gaskiyarsa, lokacinsa ne. Ka je wurin bayis mai kula da jadawali ka nemi a tabbatar da minti goma zuwa sha biyar tsakanin asambili da darasin farko, a buga musu ƙararrawarsu daban. Yawanci lokacin yana nan a jadawali, asambili ce ke yin tsawo ta haɗiye shi. Kafin a gyara, ka rage wa kanka: rajista tana hannunka tun kafin a watse, ka bi layin yaranka ku shiga tare, kada ka koma ɗakin malamai sai an aiko. In lokaci ya ƙure, ka duba gurabe da taswira ka sa sifili, sanarwa ta jira bayan tara.

In ƙarshen shekara ya zo kuma kana nan, ka nemi alfarma a bar maka ajin nan ka hau da su JSS 2, har JSS 3 in da hali. Wasu shugabannin sun fi son a riƙa juya malamai, amma in ka kai musu littafinka suka ga abin da ke ciki, da wuya su hana. Zango guda cur za ka ci kafin ka san yara 87 da gidajensu, asara ce a miƙa su ga wani ya faro daga farko. In an amince, rajistar baɗi da hannunka za ka rubuta ta, kuma ba sai ka tambayi kowa wane ne Abba wane ne Baffa ba.